Ranar da Aka Duba Fatar Malamin Fata

Ni ne mutumin da ya faɗa ramin majema a Tambuwal da rana tsaka, ranar kasuwa kuma. Gara in faɗa da bakina tun daga farko, don duk wanda ya san ni da wannan yake farawa in an ambaci sunana. Ɗangiwa ake ce mini, tela nake. Ina tafiya ne da baya da baya ina ƙirga taki, riƙe da allon da na rubuta wa baƙaƙe da gawayi, wai zan gwada idon taubashina Bube daga taki ashirin kamar yadda likita ke yi. Na kai sha huɗu lafiya. Na sha biyar ɗin ba ƙasa ba ce, ruwan toka ne wanda fatun awaki suka kwana uku a ciki. Bube yana tsaye inda na ajiye shi, ko motsi bai yi ba, ya ce, "Wanga kam na gane shi sarai, ba sai da allo ba." Mako guda matata tana miƙo mini tuwo daga nesa.

Amma ba labarina zan bayar ba, na Bube ne.

A Kebbe aka haife shi. Ubansa majemi ne, kuma yayan uwata ne, shi ya sa nake da izinin faɗa masa duk abin da ya zo bakina, shi ma haka, sai dai shi ba ya yawan amfani da nasa izinin. Ya yi elementare, ya taɓa makarantar Midil a Sakkwato shekara biyu, uban ya rasu ya dawo gida. En'e ta ɗauke shi malamin fata, aka turo shi Tambuwal, rumfarsa tana kallon tawa.

Aikin nasa kuwa ga shi. Duk mahaucin da ya yanka akuya ko tunkiya sai ya kawo fatar rumfar Bube. A wanke ta, a ɗaure ta da igiya a jikin katako, ta bushe a inuwa, ba a ƙasa cikin rana ba kamar yadda iyayenmu ke yi. In ta bushe Bube ya ɗaga ta ga haske, ya bi ta da babban yatsa tun daga wuya har wutsiya. Inda wuƙa ta zame, inda ƙaya ta karce, inda ƙazwa ta ci, duk sai ya gani. Sannan ya buga hatimi: ta ɗaya, ta biyu, ko ta uku. Ba ya gardama, ba ya kuma karɓar goro. Fatar ragon layyar surukinsa ta taɓa zuwa hannunsa, ya buga mata ta uku, da yamma ya je ya gaishe da tsohon kamar ba abin da ya faru.

Cikin bazarar 1961, ba a daɗe da shagalin samun mulkin kai ba, takarda ta zo masa. Gwamnatin Jihar Arewa za ta tura mutane kaɗan Ingila wata tara su koyo jima irin ta masana'anta, kuma daga Lardin Sakkwato mutum ɗaya za a ɗauka. Sunan Bube ne a sama, na wani mutumin Gusau yana ƙarƙashinsa yana jira. Sharaɗi guda ne: likita ya duba shi, ya sa hannu cewa lafiyarsa lau, takardar ta isa Kaduna kafin watan Mayu ya ƙare. Likitan kuma ranar Talata kaɗai yake duba matafiya, a Sakkwato.

Na tambaye shi me zai je nema garin da aka ce rana ba ta fitowa. Ya ce, "Shekara sha biyu nika buga hatimi ana loda fata ga mota. Ban taɓa ganin abin da taka zama ba. So nika in gani da idona." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ban kuma taɓa jin ya nemi wani abu a duniya da baki kafin wannan ba.

Washegari ya zo ya ari madubin da nake nuna wa masu gwajin riga. Ya shiga bayan rumfarsa ya tuɓe, ya bi jikinsa da yatsa kamar yadda yake bin fatar akuya. Ga ƙyasbi fari-fari a ƙirji da kafaɗa. Ga tabon kurkunu a idon sawu tun na ƙuruciya. Ga kuma busasshen tari da yake yi kowace safiya, saboda hodar kashe ƙwari da yake barbaɗa wa fatu. Ya mayar da riga, ya miƙo mini madubi, ya ce, "Ta uku."

Mai hankali zai ce me ya hana shi zuwa wurin Malam Abdulwahabu, disfensan garinmu, wanda ɗakin maganinsa bai fi taki ɗari daga kasuwa ba. Abin da ya hana shi, Malam Abdulwahabu ba ya ba ka ko ƙwaya ɗaya sai ya rubuta sunanka da cutarka a littafi, mu kuma a saninmu littafin nan Sakkwato ake kai shi. Wa zai kai ƙarar kansa? Saboda haka sai aka dawo ga masani, wato ni.

Sanin nawa yana da asali. Lokacin yaƙin Bama na je ɗaukar soja, likita ya duba ni tsaf, ya zagaya ƙirjina da igiyar awo, ya ce in koma gida in ci abinci. Ke nan a duk danginmu ni kaɗai na taɓa shiga irin wannan ɗaki na fito. Na ce wa Bube, "Kwantar da hankalinka, taubashi. Na san duk inda suka dubawa."

Gwajin ido kun ji yadda ya ƙare. Tari kuwa na haɗa shi da zuma da citta da kanumfari, na ce ya riƙa ɗaure hanci da ƙyalle in zai taɓa hodar nan, kuma ya yi sauƙi, a rubuta mini wannan. Saura ƙyasbi. Kowa a ƙasarmu ya san abin da ake cewa: abin da ya fito a fata daga mataccen jini yake, mataccen jini kuwa ƙaho ke fid da shi. Ba mai niyyar doguwar tafiya da zai tashi bai ga wanzami ba.

Hinde, matar Bube, ta leƙo zaure ta ce, "Ɗangiwa, mutum za shi a duba jikinsa, kai kuma ka ce a tsattsaga shi?"

Na ce, "Ke dai ji da girkinki. Wanga sha'anin maza na."

Ranar Asabar, saura kwana uku a ga likita, Sambo wanzami ya zaunar da Bube a gindin tsamiya ya kafa masa ƙaho shida a baya, uku dama uku hagu. Jini ya fito baƙi ƙirin, na riƙa nuna wa masu wucewa ina cewa ga ƙyasbin nan yana fita. Ni kuma na ɗinka masa sabuwar taguwa ta kaki, mai kama jiki irin ta ma'aikatan birni, na sa aka zuba mata sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Ran Litinin ya sa ta a kan ɗanyar tsaga, muka hau bayan babbar mota a kan buhunan gero, cikin zafin bazara, tun hantsi har la'asar kafin mu ga Sakkwato.

Da safiyar Talata ya shiga ɗakin likita, ni ina zaune a benci a waje ina gyara hula. Ba a jima ba malamin asibiti ya leƙo ya ce, "Wane ne Ɗangiwa?" Na miƙe da sauri, a zatona shawara za a nema.

Na tarar da Bube zaune a kan gado, taguwata a ƙasa, sai da aka jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta rabu da bayansa. Wurare shidan nan sun kumbura sun yi ruwa. Likitan yana magana, malamin asibiti yana mayarwa da Hausa, ko da yake Bube yana jin Turancin, don ni aka yi.

Ya ce ƙyasbi ba ya hana kowa shiga kowace ƙasa, ga man shafawa. Tabon kurkunu tsohon labari ne. An ɗauki hoton ƙirji, an saurari numfashi, ba komai. Ido kuwa ya karanta har layin ƙasa. Amma ba zai sa hannu ga mutumin da ke da miki shida masu ruwa da zazzaɓi a jiki ba, ba zai kuma yi masa allurar tafiya a haka ba. Ya dawo bayan mako biyu. In sun warke, to. In ba su warke ba, shi ke nan.

Sannan ya juyo gare ni ya yi wata tambaya gajera. Malamin asibiti ya ce, "Wai kai ne likitansa?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, tela nike."

Ya ce, "Wai rigar ma kai ka ɗinka?"

Na sunkuya na ɗauke taguwar daga ƙasa.

A mota muna komawa na lissafa kwanaki a yatsa. Talatar da aka ba shi ita ce ta ƙarshe a watan. In aka wuce ta, mutumin Gusau ya tafi. Haka na yi ta maimaita lissafin har Tambuwal.

Daga tasha kai tsaye ɗakin Malam Abdulwahabu ya nufa, ya faɗi sunansa da kansa a rubuta. Malam ya wanke mikin, ya shafa masa maganin nan mai launin shuni, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce abu biyu: kada ƙuda ya sauka, kada tufa ta taɓa wurin, a bar shi ya sha iska a inuwa. Bube ya ce, "Wanga ai aikina na."

Ga inda abin ya yi tsada. Bube ma'aikacin En'e ne, bai taɓa fitowa ƙofar gida ba riga ba tun da ya yi aure. Hutu kuma ba a ba shi ba, ga fatu na zuwa. Sai ga malamin fata zaune a rumfarsa tsakanin fatun da ke rataye, daga shi sai wando da hula, bayansa da tambari shida shuɗɗa, Hinde ta aiko masa da mafici yana korar ƙuda. Mahauta kuwa, waɗanda ya shekara goma sha biyu yana buga wa ta uku, sai ka ce an yi musu bushara. Na'iya, babbansu, ya zagayo bayansa a hankali, ya karkata kai, ya miƙa babban yatsa kamar zai shafa.

"Malam, a ɗaga ka ga haske mu gani?"

Bube ya ce, "Aje fatarka can."

"Wanga aiki ba na mahaucin kirki ba na. Tsaga shida ga baya guda! Ni ko ina koyo ban yi haka ba. Jama'a, ta nawa za mu ba shi?"

Suka haɗa baki, "Ta uku!"

Bube ya ɗauki fatar da Na'iya ya kawo, ya ɗaga, ya bi ta da yatsa, ya buga mata ta ɗaya don ta cancanta, ya miƙa masa. Haka aka yi ta yi kullum. Mata masu zuwa sayen nama suna kau da kai, surukin nan nasa ya zo takanas ya tsaya ya more kallo. Bai sa riga ba ko sau ɗaya, bai kwanta rigingine ba, bai fasa zuwa wurin Malam Abdulwahabu kowace safiya ba. Sallah ma da mayafin Hinde mara nauyi yake yin ta, ya yafa sama-sama, a gida. Ni na kawo shawarar a shafa wani sassaƙe da na sani mai saurin busar da miki. Hinde ta ce in na sake faɗin kalmar magani a gidanta da muciya za ta raka ni.

Kwana na tara, miki biyar sun bushe. Na shidan, na ƙasa ta hagu inda bakin wando ke gogawa, ya ƙi. Bube ya kwance mazagi ya sassauta wandon, ya riƙa riƙe shi da hannu ɗaya yana buga hatimi da ɗaya. Kwana na goma sha biyu ya yi ɓawo.

Wannan karon da tsohuwar babbar rigarsa ya tafi, mai laushi kamar auduga, a gaban mota kusa da direba, ya sunkuya gaba duk hanya don kada bayansa ya jingina. Ni ma na bi shi, ba wanda ya gayyace ni. Na zauna a bencin nan dai, ba a kira ni ba. Da ya fito, takardar tana hannunsa cikin ambulan, hannun riga a naɗe inda aka yi masa allura. Ranar ta bi jakar wasiƙu zuwa Kaduna. Ya je Ingila, ya yi watanninsa tara, ya dawo da safar hannu ta mata guda biyu da aka yi da fatar jar akuya irin tamu, suna nan rataye a rumfarsa yana nuna wa mahauta abin da wuƙarsu ke ɓatawa.

Amma a ranar, a bakin ƙofar asibiti, da na ga fuskarsa ta saki, sai bakina ya dawo. Na ce, "To, malamin fata, ai ka gode mini. Ba don ni ba da tarin nan ya kashe ka gaban likita. Faɗa mini, ta nawa ya buga maka?"

Ya sa ambulan a aljihu, ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ta ɗaya. Ya ce akuyar lafiyayya ta tun farko. In na koma gida in nemo wanda ya feɗe ta in karɓe wuƙar."