Lissafin Da Na Yi A Madadin Gwajin Jini

Ina yi wa mai kula da wannan shafi da masu karatu sallama. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni malamin ilimin halittu ne a wata sakandare a Jibiya, saurayi mai tsohon babur da jakar takardu, mai ji da kansa fiye da kima. Darasin da na fi ƙauna shi ne ƙididdigar ƙwayoyin gado a cikin al'umma. Nakan faɗa wa ɗalibai cewa kowane mutum yana ɗauke da ƙwaya biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma da amosanin jini nake ba su misali, wato sikila. Idan ka san yawan ƙwayar A da ta S a gari, alƙalami zai faɗa maka AA nawa, AS nawa, SS nawa ya kamata a samu. In abin da ka tarar ya saɓa wa lissafin, to akwai abin da ke sauya al'ummar, ko ƙaura, ko mutuwa, ko auren dangi. Nakan tsokane su in ce lissafin nan ba ya cin kasuwa a Jibiya, garin da kakannin rabin ajin suke ƙetaren iyaka, kuma kowa 'yar kawunsa yake hange. Su yi ta dariya, ni ma in taya su.

Ni kaina 'yar kawuna nake hange. Ƙauyensu yana ɓangaren Nijar, kaɗan bayan an wuce duwan, wato kwastan ɗin Nijar, a hanyar Maraɗi. Tun muna yara ake tsokanarmu da mata da miji, da muka girma kuma wasan ya zama gaske, babu wanda ya matsa mana. Tun ina kwaleji na san ni AS ne. Ita ba a taɓa gwada ta ba. An sa ranar aurenmu bayan kaka, a shekarar da aka rufe iyaka, lokacin da zuwa can sai ta hanyar daji a kan babur. Wata malama abokiyar aikina ta tambaye ni ko an yi wa amarya gwaji, na ce mata ana shirin yi. Babu shirin da ake yi. Kunyar kawu nake ji. Shi ya riƙe mahaifiyata bayan rasuwar iyayensu, ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in buɗe baki in ce a duba mini jinin 'yarsa kamar mai neman aibu. Rufe iyaka ya ba ni uzurin da nake gaya wa mutane. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce tsoron sakamakon nake yi, domin ina sonta.

Sai wata rana a ɗakin malamai, lokacin hutun tara, na juya bayan takardar darasi na rubuta sunanta a sama. Na ce ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne. In ma ta kasance AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne zai zo da SS. Huɗu sau huɗu sha shida. Goma sha biyar suna gefena, ɗaya tak ke gaba da ni. Har layi biyu na ja a ƙarƙashin amsar, irin na ɗalibin da ya tabbata ya ci. Na ninke takardar na sa a littafi, na tafi na sayi ƙosai.

Abin da na bari a waje kuwa na san shi sarai. Kawu ya binne 'ya'ya biyu, yayyenta, duk ba su kai shekara bakwai ba. Na tuna idanunsu rawaya, na tuna yadda suke kuka da ƙashi idan damina ta sauka, a gida ana cewa sanyi ne ya kama su. Idan sikila ce ta ɗauke su, to kawu da matarsa duka suna ɗauke da ƙwayar, kuma 'yarsu mai lafiya biyu cikin uku ne za ta zama AS. Ga shi ni da ita tushe ɗaya muka fito. Na ɗauki lissafin da aka yi don gari guda na ɗora wa gida ɗaya, gidan da na fi kowa sanin tarihinsa. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan aiki, sifiri zan ba shi da jan biro.

Aka ɗaura aure, Allah ya ba mu 'ya mace. Tana wata bakwai hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, tana ta tsala ihu ko zani ya taɓa ta. Tun kafin a miƙo mana takardar asibiti na san abin da ke ciki. Yarinya SS, uwarta AS. Na yi fuskar wanda abin ya zo masa ba zato, kuma wannan fuskar na ci gaba da sawa har sama da shekara biyu. Mun san kowane benci a asibitin, an yi mata ƙarin jini ban san sau nawa ba. Amma in ta samu sauƙi, gidan ba ya zama shiru. Takan sace alli daga aljihuna ta zane ƙofar ɗaki, kuma ba ta taɓa ce mini Baba ba, Malam take kirana domin haka ta ji kowa yana faɗa. Matata kuwa kanta take zargi. Takan ce daga gidansu ciwon ya biyo ta, ni kuma in ce mata ta bar faɗin haka, ƙaddara ce. Ina kallonta tana ɗauke da laifina ban karɓe mata ba.

A daminar da yarinyar ta cika uku, an buɗe iyaka, uwarta ta kai ta gaida kakanni. Kwana huɗu da tafiyarsu zazzaɓi ya rufe ta. Da hantsi aka kira ni ina cikin aji, aka ce sun taso. Ranar kasuwa ce, manyan motoci sun cika bakin iyaka, na tsaya da babur ina leƙa kowace mota. Da suka sauko na buɗe tafin hannun yarinyar na gan shi fari fat. Uwar ta rungume ta a bayana, na ja babur ina ratsa mutane ina salati. Ba mu kai ƙofar asibiti ba na ji matata ta daina cewa in yi sauri.

Bayan sadakar arba'in tana gyara mini littattafai takardar nan ta faɗo. Ta yi lakwal, wato makarantar bokon Nijar, shekara biyar, ta iya karanta sunanta, ta iya lamba, ta kuma ga kwanan watan da ke kan darasin, wata biyu kafin aurenmu. Da na dawo da la'asar ta ajiye ta kusa da kwanon abincina ta tambaye ni mene ne wannan. Na faɗa mata komai. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi da na gaya mata tun farko, wataƙila ta aure ni duk da haka, wataƙila ta haƙura, amma da ita ma an tambaye ta. Sannan ta sa yatsa a kan sha shidan nan ta ce ashe 'yarta ce ɗayan. Da maganar ta kai kunnen kawu, bai zage ni ba. Ya aiko a gaya mini cewa wanda ya binne biyu ba ya fushi don an ce a gwada ta uku, da na yi magana da kansa zai kai ta Maraɗi.

Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma Allah ya ba ni sani na rufe ido, wannan kuma nawa ne. Muna tare da matata har yau, ta ce ta yafe, sai dai ba mu ƙara maganar haihuwa ba. Ina roƙon duk mai shirin aure, musamman mu da dangi suka rabu gida biyu tsakanin nan da ƙetare, ya je a gwada shi a gwada ta kafin a sa rana. Ya tambayi tsofaffin gida yaran da suka rasu, da abin da ya ɗauke su. Kunyar suruki ta yini ɗaya ce. Masu ilimi irina kuma su ji tsoron ranar da alƙalami zai ba su amsar da suke so. Har yanzu ina koyar da darasin nan duk shekara, amma na daina tsokanar ɗalibai da 'yar kawu. Zanen allin yana nan a ƙofar ɗakinmu, ni da uwarta babu wanda ya iya goge shi.