Kawu Sale da Mai Rawani

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan Kawu Sale a Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon, ya san yadda safiya ke farawa. Kafin a ɗora ruwan zafi, kafin kowa ya yi tari, sai Kawu ya ja labulen tagar gabas. A hawa na goma sha huɗu suke shi da matarsa Tanti Hauwa, kuma in gari ya yi garau, can ƙarshen ƙasa, bayan gidaje da gonaki da tsaunuka masu shuɗi-shuɗi, za ka hango wani farin abu yana lilo a sama kamar bai taɓa ƙasa ba. Dutse ne mai ƙanƙara a ka, Faransawa suna ce masa Mont Blanc. Kawu kuwa Mai Rawani yake ce masa, kuma gaishe shi yake yi, cikakkiyar gaisuwa irin ta Damagaram.

"Mai Rawani, ina kwana? Ina gajiya? Ina sanyi? To, madalla. Mu ma lafiya lau."

Sai Tanti ta ɗaga murya daga wurin girki: "Shekara talatin da aurenmu, mutumin nan bai taɓa tambayata ina sanyi ba!"

"Ke ai kina da bargo," in ji Kawu, ko juyowa bai yi.

Ni ce Mariyama, ɗiyar ƙanwarsa. A gidansu na zauna shekara uku ina karatu a Lyon kafin in samu aiki a Paris in koma Stains. Saboda haka na ga abubuwa da idona. Ku da kuka taru nan kun san shi tela ne, kun kuma san bai taɓa shiga asansa, na'urar hawa bene, ba. Akwatin ragwaye yake ce mata. Da ƙafa yake hawa benen nan kullum, wani lokaci da buhun shinkafa a baya, maƙwabta suna leƙowa suna girgiza kai. Mu duka mun ɗauka tsoro yake ji. Ashe Kawu shiri yake yi, bai gaya wa kowa ba.

Shekarar da ya cika sittin da uku Tanti ta buga mini waya, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Mariyama, kawunki ya zauce. Wai dutsen nan zai hau, har can ƙoli. Ke ce mai gudu-gudu da safe, ke ce mai jin Faransanci. Ki bi shi. In ba ki bi shi ba, wallahi ni zan ɗaura zane in bi shi."

Haka na shiga maganar.

Kawu ya zo Paris don mu nemi kayan hawan dutse. Da muka biya ta unguwar La Goutte d'Or gaishe da amininsa Alhaji Mamman, ɗan kasuwar nan na Maradi, sai muka tarar labari ya riga mu isa. Shago cike, kowa na jira.

Alhaji Mamman ya ce, "Sale, tsakaninka da Allah, me ka ajiye a can sama? Kasuwa ake ci? Ko masallaci aka gina?"

Kawu ya gyara zama, ya kurɓi ruwa, ya ce, "Shekara ashirin da biyu yana kallona ina kallonsa, ban taɓa takawa na je na gaishe shi ba. Ku a Maradi haka kuke zama da maƙwabci?"

Shago ya kwashe da dariya. Alhaji ya ɗaga hannu biyu ya ce ya tuba.

Takalmi dai Kawu ya yarda aka saya. Amma da mai shagon kayan hawan dutse ya miƙo masa rigar sanyi mai gashin tsuntsu a ciki, sai Kawu ya juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da yatsa, ya mayar masa. "Wannan ai aikin yini guda ne." A ɗakina na Stains ya ari keken ɗinkin maƙwabciyata, ya farke matasan kaina guda biyu ba tare da ya tambaye ni ba, ya ɗinka tasa, ya ɗura gashinsu a ciki. Ta yi kyau kuwa, har da aiki a wuya. Washegari ya saka ta muka shiga metro, a watan Yuni, wai yana gwaji. Da jama'a suka matse shi, sai gashi ya fara fita ta hammata. Ƴan farare, marasa nauyi, suna tashi a hankali cikin hasken fitila, suna sauka a kan hular wannan, a kan jaridar wancan. Kowa a tarago ya ɗaga kai yana kallo kamar a mafarki. Wata tsohuwa ta yi atishawa. Ni kunya kamar in nutse. Kawu ya bi su da kallo yana murmushi, ya raɗa mini: "Kin gani? Mai Rawani ya aiko a tarbe mu."

Da dabara da lallami aka yi masa hayar rigar gaske.

Da muka isa gindin dutsen, jagoranmu wani Bafaranshe ne dogo, mara yawan magana, sunansa Bastien. Kawu ya ce sunan ya yi masa wuya, ya raɗa masa Basiru, kuma kafin kwana biyu mutumin ya fara amsawa. Basiru ya ce ba wanda zai kai sama sai ya yi kwana uku yana koyo a kan ƙanƙara. Ya koya mana ɗaura ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalmi, da tafiya ƙafa a ware kamar agwagwa don kada haƙoran su kama wando. Ya koya mana ƙulla igiya a ƙugu, mu uku a igiya ɗaya, da riƙe ɗan gatarin ƙanƙara. Ƙulli dai sau ɗaya aka nuna wa Kawu, na biyu shi ne ya gyara wa Basiru nasa.

Rigima ta tashi a wuri biyu. Na farko hular kwano. Kawu ya ce ba zai je gaban mai rawani da kwano a ka ba. Aka sasanta: ya saka ta, ya naɗa rawaninsa a kanta. Na biyu, Basiru ya ce kowa ya faɗi da gangan a kan gangara, ya zame, sannan ya kafa gatari ya tsayar da kansa, don in an faɗi da gaske hannu ya riga ya saba.

"Ni? In faɗi da gangan? Da furfurata?"

Na fassara wa Basiru. Ya ce in babu faɗuwa, babu hawa.

Kawu ya yi salati, ya kwanta, ya tafi suuu kamar buhu, ya kafa gatari, ya tsaya cak. Sai ga shi ya miƙe, gemu duk fari da ƙanƙara, ido na ƙyalli.

"Kai! Ashe abin da Turawa ke ci su kaɗai ke nan! Basiru, ankor, a ƙara!"

Sai da aka janye shi.

Ranar tashi, Basiru ya zazzage jakunkunanmu don ya rage nauyi. Daga ta Kawu ya fitar da almakashi, da turare, da kilishi ɗauri guda, da ƴar jakar rairayin Damagaram na taimama, da butar shayi da ƙananan kofuna uku. Almakashi da turare suka zauna. Buta kuwa Kawu ya rungume ta a ƙirji ya ce ko ita ko shi. Muka yini muna hawa cikin duwatsu, wani wuri har da hannu, muka isa ɗakin kwanan masu hawan dutse da la'asar. Nan ya haɗa shayi a kan ɗan murhun gas. Ruwa ya tafasa da wuri, amma shayin ya ƙi yin ƙarfi. Basiru ya bayyana cewa a irin wannan tsayi ruwa kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba. Kawu ya leƙa cikin butar da tausayi ya ce, "Allah sarki. Shi ma ya gaji." Duk da haka Basiru ya sha na fari, ya sha na biyu, ya miƙo kofi a zuba masa na uku.

Da sauran duhu muka fita, fitila a goshi, Basiru a gaba, ni a tsakiya, Kawu a baya. Ba abin da kake ji sai ƙarar haƙoran ƙarfe a kan ƙanƙara da numfashinka. Da alfijir ya keto muka tsaya, Kawu ya buɗe jakar rairayi muka yi taimama, muka yi salla a kan ƴar shimfiɗa. Da na sallame na juya, sai na rasa duniya. Babu gari, babu hanya, babu itace. Gajimare ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu har iyakar gani, kamar an baza auduga, kawunan tsaunuka suna leƙowa daga ciki. Rana ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, suka yi ja, suka koma ruwan zinariya. Tuddan ƙanƙara na gabanmu sun kwanta lumui, iska tana kwasar ƙurarsu daga baki.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ina saurayi na bi babbar mota zuwa Bilma. Haka rairayin yake da safe, sak. Ashe Allah ya yi wata hamadar Tenere a sama, ya wanke ta."

Daga nan ne abu ya fara lalace mini. Kaina ya soma sarawa kamar ana buga guduma. Zuciyata na tashi, idona na ganin abu biyu-biyu. Basiru ya riga ya gaya mana wannan ciwon tsayi ne, maganinsa sauka, kuma in ɗaya ya kasa, duka ukun za a juya, don igiya ɗaya ce. Na sani sarai. Shi ya sa duk lokacin da ya waiwayo ya ce "Sa ba?", wato ko lafiya, sai in ɗaga babban yatsa. Ta yaya zan mayar da mutum daga abin da ya yi shekara ashirin da biyu yana jira?

Muka iso inda hanya ta zama siririya kamar bayan wuƙa, rami a dama, rami a hagu. Basiru ya nuna sama ya ce saura kamar awa ɗaya. Ga ƙolin nan, fari fat, kamar ka miƙa hannu ka shafa. Na ɗaga ƙafa zan taka, sai na ji igiya ta ja ni ta baya. Kawu ya zauna daɓas a kan ƙanƙara, ya riƙe gwiwarsa ta hagu.

"Basiru, tarmine, an gama. Gwiwa ta mutu."

"Kawu, saura kaɗan fa!" na ce.

"Na ce ta mutu. Ke likita ce?"

Basiru ya dube shi, ya dube ni, ya daɗe a kan fuskata, sannan ya ce mu juya. Kafin mu tashi Kawu ya ɗaga kai ya kalli saman nan. Ya gyara rawaninsa da iska ta kwance, ya miƙe.

Muna sauka kaina na washewa. Can ƙasa, da muka fita daga ƙanƙara muka shiga duwatsu, sai na lura Kawu yana ɗingishi da ƙafar dama.

"Kawu, ɗazu ai hagu ce."

Ya tsaya, ya dubi ƙafafunsa. "Ciwon ya yi ƙaura."

Na zauna a kan dutse na fashe da kuka. Ya bar ni na yi mai isata, ya yago kilishi ya miƙo mini, ya ce, "Ɗiyata, ni tela ne. Tun daga wurin salla nake bin sawunki a kan ƙanƙara. Ɗinkin ya karkace, yana ta ƙara karkacewa. Da irin wannan ɗinki ba a bin bakin rami." Sannan ya ɗaga mini yatsa: "In kika gaya wa kowa ina da rai, ni da ke ne."

Sauran kun san shi, don ku ne kuka yi. Daga Rillieux har La Goutte d'Or aka raɗa masa Sale Gwiwa. Alhaji Mamman ya aiko masa da man zafi a cikin takardar kyauta. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, sai wani ya tashi ya ba shi kujera yana cewa a tausaya wa gwiwa. Shi kuwa ya fi kowa dariya, har ƙara wa labarin gishiri yake yi, wai ƙarar da gwiwar ta yi sai da ta firgita Basiru. Ya ce baɗi zai koma. Baɗi ta zo da ciwon da ya kwantar da shi, bai sake tashi da ƙarfinsa ba.

Ana saura kwana kaɗan ya rasu na zo daga Paris na same shi a asibiti, ya rame, Tanti na gefensa tana shafa masa hannu. Da ta fita ɗebo ruwa na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina.

"Kawu, ba ka ji haushina ba?"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Haushin me? Uwarki ɗiya ɗaya ta haifa, ta ba ni amana a filin jirgi tana kuka. Da me zan je mata? Da hoto?" Sai bakinsa ya motsa. "Amma matasan kanki guda biyu, ki yafe mini."

To, Alhaji Mamman, da ku duka, yau kun ji. Gwiwar Kawu Sale lafiyarta ƙalau har ya koma ga Mahaliccinsa. Ni ce na kasa, shi ya ɗauki sunan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya ba Tanti Hauwa haƙuri, ya sada mu da shi a Aljanna. Amin.