"To, Alhaji" Da Ta Ci Ƙafar Malam Sabi'u

Watan nan Yaya Mamman ya cika shekara bakwai da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Kowace shekara sadaka nake yi in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa, domin abin da na ji makonni uku da suka wuce har yau bai bar ni na ci tuwo da daɗi ba.

Yayana ne ciki ɗaya. Sojan sama ne, injiniyan jiragen dakon kaya, ko da yake mutanen Sheme sun dage matuƙi ne har ya gaji da gyara masu. Da ya yi ritaya ya sayi motocin kanta biyu na ɗaukar kaya, muka shiga ɗaukar masara da dawa daga Damari zuwa kasuwar Ƙanƙara. Ni ke ciniki, shi ke tsara tafiya.

Tsarin nan nasa kuwa ya ishe mu. Ba ka isa ka ce masa "to" ka wuce ba. In ya ba ka saƙo, sai ka maimaita masa da bakinka: buhu nawa, wace hanya, wa za ka tarar. Wai haka matuƙin jirgi ke yi da masu ba shi izinin sauka, komai girmansa. In mota ta dawo kuma, a shimfiɗa tabarma gaban sito, direbobi da 'yan dako da mu, kowa ya faɗi abin da bai tafi daidai ba. Shi ke farawa da lissafa nasa kurakuran. Dattijo da furfurarsa, gaban 'yan dako! Ni kunya ke kama ni. Na taɓa ce masa yana zubar mana da girma. Ya ce a aikinsu in jirgi ya sauka a bakin ƙofa ake barin muƙami kafin a zauna, domin abin da suka fi tsoro shi ne ƙaramin da ya hango haɗari ya yi shiru don ganin girman na gaba. Saboda haka ya kafa doka: duk wanda hankalinsa bai kwanta da tafiya ba yana iya tsayar da ita, ba mai tuhumarsa.

Bayan rasuwarsa tabarmar na fara naɗewa, wai ɓata lokaci ce. Maimaita saƙo ya bi baya. Motoci suka zama huɗu, na je Makka na dawo, kowa sai Alhaji. Akwai ranar da wani direba ya ce mani hanya kaza ba ta yi masa ba, na daka masa tsawa gaban jama'a na tambaye shi ko motar ta ubansa ce. Ni har na manta da zancen.

Ranar da abin ya faru, da hantsi na kira Malam Sabi'u, direban da Yaya ya fara ɗauka, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana Damari ya gama lodi. Na ce ya yanke ta hanyar daji don ya riski kasuwa kafin manyan 'yan saye su watse. Ya ce, "To, Alhaji." Kafin azahar aka kira ni: ɓarayin daji sun buɗe wa motar wuta, ta faɗa kwazazzabo. Ya rayu, amma likitoci sun yanke ƙafar dama daga gwiwa. Mutum mai 'ya'ya tara, tuƙi kaɗai ya sani.

Na je asibiti ina ba shi haƙuri, ina cewa da mun san hanyar ta lalace ai da ba a bi ba. Sai ya ce shi ya sani. Tun da safe 'yan kabu-kabu suka gaya masa a wurin mai shayi an ga ɓarayin sun fito. Sauran direbobin uku ma suna zaune, sun ji.

Na ce, "Malam Sabi'u, ka sani, kuma ka bi? Me ya hana ka gaya mani?"

Ya ce, "Alhaji, kai ke da mota. Tun da marigayi ya tafi ba wanda ya sake tambayarmu me muka ji."

Ba da fushi ya faɗa ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Mutum huɗu, magidanta, suna da waya a aljihu, suna da lambata, an rasa wanda zai ce mani a'a. Da Yaya zai leƙo yau, na san ba zai tambayi motar ba, ba zai ma tsaya zagin ɓarayin ba. Ni zai sa gaba ya ce yaushe rabon da wani ya musa mani magana.

Shekaranjiya na tara direbobin nan uku gaban sito. Na zauna ƙasa tare da su, na ce laifina ne, na roƙe su don girman Allah kowa ya faɗi inda nake kuskure. Suka sunkuyar da kai. Can babbansu ya gyara murya ya ce, "Haba Alhaji, ai ba ka da laifi. Ƙaddara ce." Sauran suka ce haka ne.

Sito yana nan, sunan Yaya yana jikin motoci, ana yi masa addu'a har Faskari. Abin da ya fi wahala wajen ginawa, mutanen da ba sa tsoron gaya wa maigida gaskiya, shi ne na rusa da hannuna, kuma na ga ba a zama ɗaya zai dawo ba. Gobe motoci uku za su fita. Zan tambayi kowa ko hanya lafiya, za su ce lafiya lau, ni kuwa ban san ko in yarda ba.