Neman Takardar Gidanmu na Nguru

Ana gama sadakar arba'in ta babanmu, baffanmu ya ce gidan Nguru tare suka mallake shi da marigayi, rabi nasa ne. Mun san ba haka ba ne. Babanmu ya samu filin tun shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa garin, aka ba shi takarda da ajami. Magana ta kai gaban alƙali, ya ce mu kawo ta. Muka buɗe adakar Baba, babu takarda, sai tsofaffin riguna da warin kanumfari.

A lokacin ina Gashuwa, ina sayen banda a bakin kogi ina kaiwa tashar Nguru. Ni ne babba. Ƙanena kuwa yana gida gindin Inna, kuma shi ne ɗan lelenta tun muna yara. Idan na kawo mata kifi sai ta ce a ajiye masa kan, shi ya fi so. Abin yana ci mini rai har na yi gemu. Don haka da maganar takarda ta taso, na ƙudurta ni zan nemo ta, in ajiye a gaban Inna, ko sau ɗaya ta yi mini irin kallon da take yi masa.

Ba inda ban tona ba. Na sauke tukwanen rumbu, na zazzage gafakar Baba, na sa hannu cikin jinkar ɗaki har kunama ta harbe ni. Na hau motar gyaɗa na koma Gashuwa wajen wani tsohon abokin cinikinsa, ko ya ba shi ajiya. Ya ce bai taɓa ganinta ba. Na dawo da kumburarren yatsa, na tarar da gogan a inuwa yana shan fura, Inna tana kore masa ƙuda.

Bulaman unguwarmu ne ya zo yi mana jaje, yana kwatanta takardar, don a gabansa aka rubuta ta. Ya ce 'yar ƙarama ce, da bisimilla a sama, da wani zagayayyen hatimi a ƙasa.

Inna ta dafe ƙirji daga bayan asabari. "Bulama, zagayayye ka ce? Kamar gindin kofi?"

"Shi fa."

"Wayyo ni. Ashe ba addu'a ba ce?"

Inna ba ta karatu. A wajenta duk takardar da ta fara da bisimilla, kuma mai gida ya ɓoye ta a ƙasan adaka, babban asiri ce. Shekarar da baƙon dauro ya shigo unguwa, Baba yana tafiya, ta ɗauko ta ta kai wa baduku ya ɗinke ta laya. Ba ta faɗa wa Baba ba, shi kuma bai sake dubawa ba har ya koma ga Allah.

"Ina layar take, Inna?" na tambaya.

Ƙanena ya ajiye ludayi, ya naɗe hannun riga. Ga ta nan a damtsensa, ta yi baƙi ƙirin da zufa.

A gaban alƙali aka farke ta. Gefenta ya ci, amma sunan Baba da hatimin suna nan. Baffa ya ce dama mantuwa ce ta tsufa, ya karkaɗe riga ya fita. Mutane suka yi ta shafa kan ƙanena suna sa masa albarka, wai shi ya tsare gidan ubansa. Ni da kunama ta harba, ko sannu.

Da muka koma gida na sami Inna tana tsince wake. Na zauna kusa da ita.

"Inna, shekarar nan ta baƙon dauro, ai ni ma na kwanta. Tabarma ɗaya muke da shi."

"Ka kwanta mana. Naka ma ya fi tsanani."

"To ni me kika ɗaura mini?"

Ta ɗago ta dube ni, da gaske tana ƙoƙarin tunawa. Can ta mayar da kai kan faifai.

"Ai guda ɗaya ce, ɗan nan," in ji ta.