Ana-Kan-Aiki da Kifayen Surukinsa

Shekara ashirin da takwas ya yi a teburin karɓar koke na kamfanin wutar lantarki, cikin wani ɗaki mai taga ɗaya da benci biyu da fankar da ba ta cika juyawa ba. Duk wanda ya shigo da fushi, ko mai walda ne ko mai sayar da ruwan sanyi, sai ya bari ya gama zazzaga masifarsa, sannan ya ɗan sunkuyar da kai, ya haɗa tafin hannu, ya ce, "A yi haƙuri, ana kan aiki." Tun ana faɗa a bayan idonsa har aka koma kiransa da shi a gabansa. Ko jikokinsa ba su san yana da wani suna ba bayan Ana-Kan-Aiki.

Shi kuwa tsakani da Allah yake faɗa. Ya yarda da kamfaninsa fiye da yadda kamfanin ya yarda da kansa. Shi ya sa a duk layinsu gidansa ne kaɗai ba janareto. Matarsa, wadda ta yi ritaya tana shugabar makarantar firamare kuma kowa ke ce mata Malama, ta roƙa har ta gaji.

"Ni ma'aikacin wuta, a ji ƙarar janareto a gidana?" yakan ce. "Ai kamar mai sayar da sabulu ne a gan shi da dauɗa. Za su kawo yanzu."

"Tun ina amarya nake jin yanzun nan," in ji Malama, tana firfita da murfin kwali.

Shekara biyu da ritayarsa aka yi wa mijin 'yarsu canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Ranar tafiya sai ga shi da mutum huɗu suna nishi, sun ɗauko wani akwatin gilashi mai tsawon gado. A ciki akwai ruwan gishiri, da duwatsu, da kifaye bakwai masu launi kamar an yi musu fenti, da wasu abubuwa kamar furanni manne a jikin duwatsun.

"Baba, amana na kawo maka," in ji surukin, ya durƙusa. "Waɗannan masu kama da furanni murjani ne, kuma masu rai ne. Abu ɗaya kawai suke so, kada famfon nan mai motsa ruwan ya tsaya. In ruwa ya daina motsi iska za ta ƙare musu, in ya yi zafi kuma su ƙone. Awa uku ma ta yi yawa."

"Murjanin da na sani a wuya ake sa shi," Malama ta ce. "Wannan har da ci?"

Ana-Kan-Aiki ya ce babu komai, wuta ai ba ta daɗewa.

Washegari da hantsi aka ɗauke ta. Ya zauna gaban gilashin yana kallo. Awa ɗaya, lafiya lau. A ta biyu ya ga wani ɗan kifi rawaya ya taso saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa, kamar mai son yin magana. Dubban mutane sun tsaya gabansa sun yi ihu bai ji komai ba, amma wannan da bai ce uffan ba sai ya tashe shi tsaye. Ya zura takalmi ya nufi shagon mai gyaran wuta da ke bakin titi, wani dattijo mai ido ɗaya wanda ya sha zuwa teburinsa da koke.

"Yau kai ne a shagona?" in ji mai gyaran. "Ba za su kawo yanzu ba?"

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya dawo da ɗan famfon iska mai aiki da batirin tocila. Bayan mako ya ga ba zai isa ba, aka kawo babban batir da inbata, na'urar da ke mayar da cajinsa wutar gida. Batir yana so a yi masa caji, wutar cajin kuma ita ce babu, sai aka hau rufi aka kafa sola. Mai gyara ya ce in hadari ya haɗu sola barci take yi, saboda haka ranar wata Asabar aka shigo da janareto ta ƙofar baya, an lulluɓe shi da tsohon bargo kamar mara lafiya.

Malama tana tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu.

"Malam, ashe da ma ana sayar da su a garin nan?"

"Ba na gida ba ne," ya ce, bai dube ta ba. "Na kifi ne."

Haka kuwa aka yi. Duk wayoyin ɗaki ɗaya suka nufa. Kifaye suna da fitila shuɗiya, da famfo biyu, da 'yar fanka mai hura saman ruwa, su kuwa masu gida suna falo suna gumi. Ya koyi auna gishiri, ya koyi sa hannu a gilashi ya gane zafin ruwa. Ya san wane kifi ne mafaɗaci, wane ne matsoraci. Malama ta ce shekara talatin da biyar suna tare bai taɓa sanin ranar da take zazzaɓi ba sai ta faɗa.

Ana cikin damina taransifomar unguwa ta yi ƙara ta kama hayaƙi. Kwana uku sama a rufe, sola ba ta kawo abin kirki. Janareto ya riƙe gida har rana ta huɗu, sannan ya yi tari biyu ya mutu, mai gyara ya buɗe cikinsa ya ce sai an aiko da wani ƙarfe daga wani gari. Saura batir, shi ma allurarsa tana sauka.

Ana-Kan-Aiki ya sa rigarsa mai kyau ya tafi tsohon ofishinsa. Bai taɓa zama kan bencin nan ba, ashe yana da ƙusa. Ya jira mutum goma sha ɗaya. Da layi ya zo kansa ya tarar da wata yarinya a kujerarsa tana danna waya. Ya yi mata bayani tun daga taransifoma har murjani.

"A yi haƙuri, ana kan aiki," ta ce, idonta na kan wayar.

Ya leƙa ta taga. Ya san babu wanda ke kan komai, don ya ga motar gyara a harabar ofis ba tayoyi. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne yadda ta faɗa.

"'Yata, ba haka ake yi ba. Ki ɗago ki dubi mutum, ki ɗan sunkuyar da kai. Ko ba ki ba shi wuta ba, ya tafi da wani abu."

"Baba, akwai mutane a bayanka," ta ce.

Ya dawo gida a ƙasa, yana lissafin yadda zai gaya wa surukinsa. Tun daga ƙofa ya ji hayaniya. Ya shiga ya tarar da mata shida a ɗakin kifi, ɗaya ta hau kujera tana ɗibar ruwan akwatin da jug tana tsiyayo shi daga sama, kumfa na tashi. Malama na tsaye da agogo a hannu, ta manna takarda a bango mai layi-layi kamar jadawalin darasi.

"Na kashe famfunan da fitilar, ci suke yi da yawa," ta ce. "Ɗan abin da ya rage a batir ya ishi cajin waya, ga shi man janareto ya ƙare wa kowa a layin nan. Duk mai son caji ta yi mana minti goma na jug. Matar tela, hannunki ya yi ƙasa, ɗaga!"

"Wa ya gaya miki haka ake yi?"

"Yaron nan, surukinmu, ya ce ruwa ya yi motsi. Bai ce dole sai da lantarki ba."

Kafin la'asar labari ya zaga layi. Maza ma suka zo da wayoyinsu, har da liman da direban motar haya. Zafi kuma sai mai sayar da daskararren kifi ya kawo gorunan ƙanƙara daga ɗakin sanyinsa aka jefa su suna yawo a saman ruwa. Ya leƙa gilashin ya daɗe yana kallo.

"Duk wannan wahalar," ya ce, "ka haɗa su bakwai ɗin ba su cika kasko ɗaya ba."

Kwana biyar ana haka. Kafaɗar Ana-Kan-Aiki ta riƙe, don duk lokacin da ba kowa shi ke hawa kujerar. Murjani biyu suka yi fari fat kamar alli. Rana ta takwas da safe ya tarar da ɗan rawayan nan kwance a gindin dutse. Ya sa hannu ya ɗauko shi, ya tsaya da shi a tafinsa ya rasa inda zai kai shi. Malama ba ta yi masa ba'a ba. Ta miƙo masa tsumma mai tsabta, ta karɓi jug ɗin.

Rana ta tara da azahar wuta ta dawo. Layi ya ɗauki ihu, shi kuwa bai ko tashi ba, ya ce a bari a gani tukuna. Da yamma ya kira surukin ya faɗa masa komai, bai rage ba, ya ce amana ta sami tasgaro a hannunsa.

Surukin ya yi dariya har da tari. "Baba, shida sun rayu? Wallahi ni na ɗauka wata guda ba za su yi ba. Kunyar zubar da su na ji, shi ya sa na kawo nan."

Ana-Kan-Aiki ya ajiye wayar a hankali. Duk da haka bai fasa auna gishiri ba.

Bayan wata uku wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Direban ya miƙo takarda daga surukin: ya ga yadda Baba ya ƙware, ga kuma wani abokin aikinsa zai bar ƙasa, shi ne ya ce ya san inda za a kai nasa kifayen. Aka yaye tamfol. Wannan akwatin ya ninka na farko sau biyu.

Malama ta zagaya motar sau ɗaya, ta dubi mijinta.

"Ka ce su mayar."

"Haka zan ce," ya amsa. Ya matsa kusa da robobin da aka zubo kifayen a ciki, ya sa bayan hannu a jikin ɗaya. "Tun yaushe kuke hanya?"

"Tun safe," in ji direban.

"Tun safe, a ranar nan? Ku sauke, ku sauke! Malama, ɗauko min abin awo in ga ko zai shiga ta ƙofar falo."