Shekarar da Rijiyarmu Ta Fara Warin Fetur

Rijiyar gidanmu a Babura ta girme ni. Ruwanta ya yi suna a unguwa, har Baba ya ajiye kwamin shayar da dabbobi a bayan katanga saboda Fulanin da ke kawo shanu kasuwa. Shekarar da na haifi 'yata ta fari na zo gida wanka, kuma ni na fara jin abin. Inna ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ina buɗe tukunya sai tururi ya buge ni da warin fetur.

Nan take Inna ta ɗora wa Baffa, ƙanin Baba, laifi, don shi ne mai babur a gidan.

"Kai ne ka wanke jarkarka da gugana!"

"Haba Yaya, ni da ba na wanke babur ɗin ma, sai jarka?"

Aka sayo sabon guga, wari bai tafi ba. Aka sa masu yasa suka yashe rijiyar, suka fito suna dafe da kai, jiri na ɗibarsu. Sai kuma shanu suka fara sunsuna kwami suna juya baya.

Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Kudancin Kaduna da ta daɗe a garin, ta shigo ta ce tata rijiyar ma haka take. Ta nuna bayan gidanmu da baki. Can akwai gidan mai, tankinsa binne a ƙasa, kuma na wani Alhaji ne, abokin Baba tun suna yara.

Baba ya aika aka kira shi. Alhaji ya zo da babbar riga, aka ɗebo masa ruwan a moɗa. Ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya haɗiye da ƙyar.

"Ni ban ji komai ba," in ji shi. "Malam, ko kana da goro?"

Daga nan Baba ya ce a bar magana, shi ba zai kai ƙarar amininsa ba. Washegari Inna ta yafa mayafi, ita da nas suka tafi wajen duba-gari a sakatariya, su kuma suka sanar da hukumar muhalli a Dutse.

Kafin ma'aikata su iso, labari ya zaga gari cewa an tono mai a gidanmu. 'Yan acaɓa suka riƙa zuwa da galan. Wani ya zuba ruwan a babur ɗinsa, ya tura shi da ƙafa har gida. Wani dillalin hatsi kuwa taya gidan ya yi, wai zai biya da sefa, kuɗin Nijar, in Baba ya fi so.

Shugabar ma'aikatan da suka zo mace ce, injiniya, da hular kwano a kan hijabi. Ta durƙusa ta gaishe da Baba, sannan ta zura kwalba a rijiya ta ɗaga ta a rana. Ga mai nan yana ƙyalli a saman ruwan.

"Baba, daga yau kada a sha, kada a yi wanka, kada a ƙyasta ashana a kusa," in ji ta. Da ta gan ni da jaririya sai ta sa nas ta duba mu duka biyu. Allah Ya taimaka, ƙaiƙayin jiki kawai na samu.

Ma'aikatan suka rufe gidan man, aka kwashe abin da ke cikin tanki, aka hura masa iska don a ga ko zai riƙe. Bai riƙe ba. Da aka tono shi, rabin gari ya zo kallo. Tsatsa ta cinye gindinsa, ƙasar ƙarƙashi ta yi baƙi. Alhaji ya ce tun da aka binne shi ba wanda ya taɓa zuwa dubawa. Injiniya ta ce gaskiya ne, ya kamata a ce sun zo tuntuni, amma gyara dai nasa ne.

Aka sa shi ya kwashe gurɓatacciyar ƙasar, ya sa sabon tanki, ya haƙa wa unguwa burtsatse can kusa da masallaci, inda man bai kai ba. Ni da ruwan 'yan garuwa na ƙarasa wankana. Alhaji ya yi ta gaba da Baba har damina ta wuce. Ranar da ya ji Baba na zazzaɓi sai ga shi da kankana, suka zauna a soro suna gardamar farashin gero.

Ma'aikatan kan zo lokaci-lokaci su ɗebi ruwan, har yanzu ba su ce a sha ba. An rufe bakin rijiyar da sumunti, an bar 'yar ƙofa da kwaɗo. Zuwana na ƙarshe, na tarar Inna ta shanya kuɓewa a kai.