Allon da Aka Fara Daga Wutsiya

Kawuna daga harafin ƙarshe yake fara rubuta allo. Na lura da haka tun ina yarinya, lokacin da ake aikena in kai masa abinci shago. Masu kawo aiki ba sa gani, domin sukan ajiye katako su tafi, su dawo su tarar an gama. Ni da nake zama a kan gwangwanin fenti ina jiran kwano, na ga cewa idan zai rubuta "Kantin Magani", wutsiyar kalmar ce take riga hawa katako, sauran haruffan su biyo ta da baya da baya.

Bahago ake ce masa a layin, kuma dalilin ke nan. Ran da na yi ƙarfin halin tambayarsa, bai ko waiwayo ba ya ce, "In na fara daga kai, hannuna zai bi ta kan ɗanyen fenti ya shafe. Ni da fenti kuwa ba ma faɗa."

Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya. Akwai tsani a jingine, da buroshi cikin gwangwanin kananzir, da bangon da ya sha goge hannu har ba a san asalin launinsa ba. Yanzu aiki ya ja baya, tun da injin buga allunan talla ya shigo gari, amma masu gidan abinci da masu aski har yau wurinsa suke zuwa, wai rubutunsa ba ya koɗewa a rana.

Kawu bai san mahaifinsa ba. Ba a yaye shi ba mutumin ya rasu, Kaka ta sake aure ta haifi mahaifiyata. Ko hoto ɗaya bai bari ba. Abin da Kawu ya sani shi ne sunansa, da cewa shi ma rubutun allo yake yi, shi ma bahago ne. Ya ce wata rana yana saurayi Kaka ta iske shi yana aiki, ta tsaya tana kallon allon da aka fara daga wutsiya, sai ta nemi wuri ta zauna. "Wa ya koya maka haka?" Ya ce ba kowa. Ta ce, "To ubanka ke nan. Haka na same shi yana yi a gidan burodin titin tasha, na tsaya ina masa dariya."

A bara likita ya gaya wa Kawu cewa ciwon idonsa ba mai warkewa ba ne, sai dai a rage masa gudu da magani. Bai gaya wa kowa damuwarsa ba sai ni, wataƙila don ya san ba na yawan magana.

"'Yar boko," ya ce, "an ce komai yana cikin kwamfutar nan taku. Ki duba mini ko akwai fuskar tsohona. Ina so in gan shi tun ina gani."

Tela ya leƙo ta taga da tsinken allura a baki. "Bahago, kai da ka kusa daina ganin naira, mamaci za ka nema?"

"Kai dai ɗinka wandonka. Na jiya ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Na zo da kwamfutata ran Asabar, muka ɗora ta a kan teburin haɗa fenti bayan ya shimfiɗa jarida. Na buɗe kundin babban laburaren gari da ke intanet. Na bayyana masa cewa wannan ba littattafan ba ne, jerin abin da ke cikin laburaren ne: kowane littafi, taswira ko tsohon hoto yana da ɗan bayaninsa, da shekararsa, da lambar inda aka ajiye shi. Na rubuta sunan mahaifinsa. Babu. Na haɗa da sunan kakansa. Babu. Na gwada kundin jami'armu, nan ma shiru.

Kawu ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ba komai," ya ce. "Dama wa zai rubuta sunan mai fenti?"

Maganar ta bi ni har gida. Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya rubuta sunansa. Masu ɗaukar hoton wancan zamani tituna suke ɗauka da gine-gine, wanda ya shirya kundin kuma abin da ya gani ya rubuta. Mun yi ta neman mutum a wurin da aka jera wurare. Da na koma sai na ce, "Kawu, bar sunan. Faɗa mini inda ya yi aiki."

Nan bakinsa ya buɗe, ya shiga lissafo wuraren da ya ji daga bakin Kaka. Tsohon sinima, kantin takalma na kusa da gidan waya, gidan burodin titin tasha. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sinima ya fito a hotuna da yawa, allonsa fes, amma ba kowa a gabansa sai masu keke. Muka shafe makonni a haka, duk ran da ba ni da aiki. Ya koyi rage bincike da shekara, ya koyi danna kibiya da babban yatsansa mai fenti, har maɓallan kwamfutata biyu suka zama shuɗi.

Gidan burodin ne ya ba mu wahala, domin kundin bai kira shi gidan burodi ba. A ƙarƙashin sunan titin muka same shi, cikin tarin hotunan wani mai ɗaukar hoto da iyalinsa suka ba laburare. Bayanin gajere ne: titin tasha, shaguna, mutum a kan tsani. Shekarar ta yi daidai da kafin auren Kaka na fari.

Hoton da aka ɗora ƙarami ne, mutumin kuma ya juya baya. Kawu ya kai fuskarsa dab da gilashin kwamfutar, ya ja baya, ya girgiza kai. "Ƙeya kawai nake gani."

Na ce, "Kawu, dubi allon."

Rabin allon na dama ya cika da haruffa. Rabin hagu fari ne fat, ba a taɓa shi ba.

Kawu ya kafa wa allon ido. Tela, da ya shigo ya tsaya a bayanmu, ya buɗe baki, na san zai ce ai ba bahago ɗaya ne a duniya ba. Sai ya dubi Kawu, ya mayar da maganar ciki.

A ƙasan bayanin an rubuta cewa akwai wasu hotunan na ranar a ambulan ɗaya, ba a ɗora su ba. Na kwafi lambar, na aika da buƙata, aka sa mana rana.

Kawu ya sa rigarsa da ba ta taɓa ganin fenti ba. A ɗakin karatu wata ma'aikaciya mai farin safar hannu ta kawo ambulan ɗin, ta jera hotunan a kan tebur, ta miƙa masa gilashin ƙara girma. Yawancinsu motoci ne da rumfuna. A ɗaya mutumin ya sauko mataki guda, buroshi a hannun hagu, ya waiwayo yana kallon wani abu a gefen titi. Ya motsa lokacin da aka ɗauka, don haka fuskar ta ɗan yi hazo. Amma ana ganin goshi, da kunne mai faɗi, da baki a buɗe yana dariya.

"Yaro ne," in ji Kawu a hankali. "Ai na haife shi."

Ya sake duƙawa, ya shafa nasa kunnen mai faɗi. "Kunnen nan kuwa, shi ya cuce ni."

Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta ce, "Baba, ka tabbata shi ne?"

"'Yata, ban taɓa ganinsa ba, ina zan rantse? Amma ga gidan burodin, ga shekarar, ga hannun. Ni ya ishe ni."

Ta ce za a iya ƙara bayani a kundin, a rubuta sunan, a ce ɗansa ne ya shaida shi. Kawu ya faɗa mata sunan, ya tsaya a kanta har ta gama bugawa, ya sa ta ƙara da sana'arsa. "Saboda jikoki," ya ce. "Kada su sha wahalar da yarinyar nan ta sha." Ta buga masa hoton babba a takarda, yadda idonsa zai iya ɗauka ko da ya ƙara rauni.

A mota takardar tana kan cinyarsa. Sau ɗaya ya ce, "Wa kike jin yake wa dariyar nan?" Na ce ban sani ba. Ya ce shi yana da wadda yake zargi.

Da muka isa shago Tela ya karɓi hoton, ya nisanta shi, ya kusanto da shi. "Ya fi ka kyau," ya ce.

"Ai kowa ya fi ka kai ma."

Kawu ya kafa hoton da ƙusa a saman teburin fenti, inda hasken ƙofa yake faɗawa. Sannan ya cire rigar fita ya rataye, ya sa ta aiki. Akwai allon wata mai sayar da ƙanƙara da ke jiransa tun jiya. Ya jawo katakon, ya tsamo buroshi daga kananzir ya matse da tsumma, ya matsa can gefen dama ya fara.